Garkar tsakar gida: abin da kullen 2020 ya koya mana a kan miya da zubi

Ƴan uwa mata, a ranar 19 ga watan Maris na 2020 aka ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Nijar. A cikin kwanakin nan gwamnatin shugaba Mahamadou Issoufou ta rufe iyakokin ƙasa da filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram, ta rufe makarantu, ta hana taron da ya wuce mutum 50. Masallatai ma aka rufe su. Kafin watan ya ƙare aka sa dokar hana fita a Yamai daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, aka kuma killace birnin, ba shiga ba fita. Sai tsakiyar watan Mayu aka buɗe masallatai, aka ɗage dokar dare. Yara kuwa sai 1 ga watan Yuni suka koma lakkol.

Wata biyu da ƴan kwanaki ne, amma sun faɗo a lokaci mafi wuya: tsakiyar bazara, rumbu ya fara yin ƙasa, ga azumi ya kama a ƙarshen Afrilu. Mu na kudu kuma abin ya same mu da ciwo a jiki, don tun watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakarta. Hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da ta Ƙonni zuwa Illela sun riga sun yi sanyi kafin cutar ta iso.

Shekaru sun wuce, amma akwai darasi guda da bai kamata ya wuce ba. Ranar da ciniki ya tsaya, tukunya ba ta tsayawa. Kuma kuɗin da mace ke fara taɓawa don ta kaɗa miya, kuɗin zubinta ne.

Inda kullen ya fi cizo

An bar motocin kaya suna wucewa, kasuwa ma ta ci gaba da ci a wurare da yawa. Babban ɗan kasuwa mai tirelar albasa daga Galmi ko Madawa yana da hanyarsa. Wadda ta rasa hanya ita ce mai buhu guda, mai bin motar fasinja ta saro ta dawo. Mai ƙosai da fanke da awara a ƙofar lakkol ta wayi gari ba yaro ko ɗaya. Mai girkin biki da suna, da mai lalle, da mai kitso, duk suka zauna, tunda an hana taro. Mai tuwon dare a Yamai sai ta kwashe kayanta kafin magariba. Maigidan da ya tafi cirani Najeriya ko Libiya ko Abijan, shi ma kulle ya same shi can, aike ya ragu ko ya yanke.

A cikin gida kuwa baki ya ƙaru. Yaran da ke wuni a makaranta suna tsakar gida tun safe, kowane da yunwarsa. Ana ta faɗar a wanke hannu da sabulu, ruwan kuma saye ake yi. Hatsi dai mace tana iya samun tiya ɗaya ko biyu a ajiye, ko ta ranta wurin maƙwabciya. Amma ganye da kuɓewa da albasa da tonka abin saye ne na kullum, da kuɗi a hannu. A nan zubi ke karyewa. Za ki ji mace ta ce: "Wallahi wannan sati ku yi mini haƙuri, abin da ni ka da shi ya tahi ga miya." Sati ɗaya ya zama uku, bashin da ta ɗauka ya tsaya, akwati ya yi sauƙi, wadda ke jiran rance ita ma ta rasa.

Tsarin Mata Masu Dubara, wanda aka soma a jihar Maraɗi a 1991 tare da CARE, har ƙasashe da yawa suka kwaikwaya, ya tsaya ne a kan abu biyu: haɗuwar mako da zubin mako. Kulle ya taɓa duka biyun. Haɗuwa an samo mata dabara, ana aiko da zubi ko a shigo kaɗan-kaɗan. Zubin kuwa ba shi da wata dabara sai rage abin da ke fita daga ɗaurin zane kowace safiya. A nan garkar tsakar gida ke shigowa.

Lissafin miya

Mu faɗa wa juna gaskiya: buhu huɗu ko biyar na ganye ba za su ciyar da gida ba. Ba su maye gurbin gero, ba su sayen mai ko magani. Aikinsu guda ne, su ɗauke miki wani kashi na cefane.

A ce kina kashe dala 30, wato sefa 150, kowace rana a kan ganye da kuɓewa da lawashi. A mako jika guda ke nan da dala goma. In zubinku dala ɗari ne, to kuɗin ganye kaɗai ya kai zubi biyu. Ko rabin wannan garka ta ɗauke miki, zubin makon ya fita. Ki sa farashin kasuwarku a wurin waɗannan, ki yi lissafin da kanki. Guntun gatarinki ya fi sari ki ba ni.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi. Idan kuɗi suka yi ƙaranci, ganye da nama ne ke fara ɓacewa daga tukunya, a bar yara da tuwo da ruwan miya. Zogale da alayyafu da yakuwa suna da sinadarin ƙarfe mai taimakon jini, da bitamin A mai taimakon ido da garkuwar jiki. Mai ciki da mai shayarwa da yaron da ake yayewa sun fi kowa buƙatarsu. Amma mu riƙe wannan: ganye abinci ne. Ba zogale ba, ba dogon yaro ba, babu wanda ke maganin korona. Mai zazzaɓi da tari wurin likita za a kai shi.

Me za a shuka, kuma yaushe

Wadda ta shuka salati ko shu ko karoti a watan Afrilu za ta sha wahalar banza. Waɗannan kayan sanyi ne, lokacinsu daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A bazara zafi yana haura digiri 40, salati ya yi ɗaci ya yi tsiri, tumatir ya zubar da fure bai ɗaura ba. Kayan da ke jure zafinmu su ne waɗanda kakanninmu suka sani.

Alayyafu shi ne mai saurin biya. Ki gauraya irin da yashi don kada ya taru wuri ɗaya, ki watsa sama-sama. Cikin mako uku zuwa huɗu kin fara yanka. Ki yanka ki bar gindi kamar tsawon yatsa, zai sake tohowa.

Yakuwa da rama da lalo, wanda wasu ke ce wa malohiya, suna ba da ganye bayan wata guda zuwa wata ɗaya da rabi. Irin lalo yana da taurin kai. Ki ɗaure shi a tsumma, ki tsoma a ruwan zafi ƴan daƙiƙu, ki shanya, sannan ki shuka.

Kuɓewa tana fara ƴaƴa wajen wata biyu. Ki jiƙa irin ya kwana. Gindi biyu sun ishi buhu ɗaya. Ki riƙa tsinka duk kwana biyu, don in kin bar ta ta tsufa a jiki sai uwar ta rage haihuwa.

Zogale, ko tamaka, shi ne uban tafiya. Duk wadda ta bi ta Jiratawa ko bakin gulbin Maraɗi ta ga yadda ake noma shi fili-fili. A gida gindi uku ko huɗu a jikin katanga sun isa. A ƙasa yake so, ba a buhu ba. Idan ya kai ƙugu ki datse kansa, zai yi rassa ya cika da ganye a inda hannu ke kaiwa. In kin bar shi sai ya miƙe sama kamar sanda.

Akwai kuma waɗanda ba sai kin sayi iri ba. Gindin albasar da kika yanke, ki dasa shi, cikin mako biyu ga lawashi. Reshen na'ana'a na mai shayi yana kamawa a gwangwani. Igiyar dankali tana yaɗo ta rufe ƙasa, ganyenta kuma miya ne mai daɗi.

Buhu, daro da tsohuwar taya

Ba kowa ke da fili ba. A Yamai da cikin birnin Damagaram mata da yawa gidan haya suke, ɗaki ɗaya da ƴar baranda. Buhu ya isa. Ki samo buhun shinkafa ko na masara. Kada ki ɗauki wanda aka zuba maganin ƙwari a ciki. Ki haɗa ƙasa kashi biyu da taki kashi ɗaya. In ƙasarku yashi ce zalla, ki ƙara ƴar laka don ta riƙe ruwa. In laka ce mai ƙarfi, ki ƙara yashi.

Takin shi ne wurin kula. Kashin awaki ko na shanu da ya ruɓe, ya yi baƙi, ba ya wari, shi ake so. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, musamman kashin kaji. In ɗanye gare ki, ki tara shi a rami tare da sharar ganye da ɗan toka, ki yayyafa ruwa, ki riƙa juyawa, bayan wata biyu ya nuna.

Ki huda gindin buhun don ruwa ya fita. Ki samo babban gwangwanin tumatir da aka cire wa kai da gindi, ki tsayar da shi a tsakiya, ki cika shi da tsakuwa, ki zuba ƙasa kewaye. Ki ja gwangwanin sama, ki sake cikawa, har bakin buhu. Kin sami hanyar tsakuwa daga sama har ƙasa, nan za ki riƙa zuba ruwa ya ratsa ko'ina. Sai ki tsaga ƴan ramuka a jikin buhun, tazarar taki guda na hannu, ki dasa alayyafu ko yakuwa a ciki, sama kuma ki sa kuɓewa ko tonka. Rana tana cin buhu. In kin naɗe shi da tsohuwar tabarma ko ki sa buhu biyu, zai fi daɗewa, saiwa ma ba za ta dahu ba.

Daron da ya huje, bidon da ya fashe, tsohuwar taya, duk wurin shuka ne. Ki ajiye su inda rana ke samun su da safe, inuwa kuma ta rufe su bayan azahar.

Ruwa shi ne kuɗin

Iri ba shi da tsada, taki yana nan a garke. Abin da ke kashe garka a ƙasarmu ruwa ne. A lokacin zafi buhu guda yana shan wajen lita biyar a rana, wato bido ɗaya na lita 20 ga buhu huɗu. In daga ƴan ga-ruwa kike saye, ki sa wannan a lissafi tun farko. Gara buhu uku masu rai da goma masu ƙishirwa.

Amma ki duba ruwan da ke zubewa a gidanki kullum. Ruwan alwala na mutum biyar sau biyar a rana, in an tara shi a daro, ba kaɗan ba ne. Ga ruwan wankin shinkafa da na ganye, ga ƙasari in awaki sun bari. Duk waɗannan shuka na so. Ruwan wanke hannu mai ɗan sabulu, a zuba shi a gindin zogale, ba a kan ganye ba, a riƙa kuma sauyawa da ruwa mai kyau. Wanda ba a sawa sam shi ne ruwan Omo da Javel, ruwan gishiri ko maiƙo, ruwan wankin kashin yara, da na makewayi.

Dabaru uku suna rage sha. Na ɗaya, ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, ba da tsakar rana ba. Na biyu, rufe ƙasa da ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa don kada rana ta shanye laima. Ki dai riƙa ɗagawa kina duba gara. Na uku, ki binne ƙaramin tulun ƙasa har wuya a tsakiyar shukar, ki cika shi, ki rufe baki. Yadda randa ke tsatsafo da ruwa, haka zai riƙa ba saiwa kaɗan-kaɗan. Gorar roba da aka huda da allura ita ma tana yi. Duk ruwan da kika tara ki rufe shi, kada mu yi noman ganye mu haɗa da kiwon sauro.

Akuya, kaza da ƙwari

Aikin wata guda akuya tana gama shi kafin ki idar da salla. Don haka shinge kafin shuka. Zana, kara, ƙaya, ko a ɗora buhunan a kan bulo ko tebur. Kaji suna tona, ƙadangaru suna cin tsiro yana fitowa. Tsohon gidan sauro da ya yage, a wanke shi, yana tsare su. Amma tsohon fa. Wanda yara ke kwana ciki ba na garka ba ne.

In kin ga ganye yana nannaɗewa yana danƙo, darɓa ce. In kin ga huji, tsutsa ce. Tsutsa a buhu huɗu da hannu ake tsince ta, aikin yara ne da safe. Toka da aka tankaɗe, a barbaɗa lokacin da ganye ke da laima, tana taimakawa. Maganin da ya fi kuwa yana bakin titi: ƴaƴan dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi. A busar, a daka, a jiƙa rabin kilo a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da tsumma, a sa ɗan sabulun gari, a yayyafa da yamma sama da ƙarƙashin ganye. A maimaita bayan mako. Ki wanke ganyen sosai kafin girki saboda ɗaci.

Abin da muke roƙonku da babbar murya: kada piya-piya ko wani maganin kwalba na kasuwa ya taɓa ganyen da za a ci. Guba ne. Ganyen da ake tsinka yau a dafa yau ba shi da lokacin da maganin zai fita, ga yara suna wasa a wurin.

Zaman gida da garka

Gidan da mutum goma suka wuni cikinsa ba fita, rai yana ɓaci da wuri. Garka tana ba yara abin yi. Ki ba kowane yaro buhunsa, shi ke ban ruwa, shi ke ƙirga kwana, shi ke auna tsawo. Ɗan lakkol ya rubuta ranar shuka da ranar yanka a takarda, kin ga karatu bai tsaya ba. Samarin gida su ɗauko ƙasa su kafa shinge. Kada dai ɗibar ruwan ta zama ƙarin kaya a kan ƴan mata su kaɗai.

Inda kuke da yawa, da abokiyar zama ko matan ƴan uwan miji ko ƴan haya, a yi magana tun ba a shuka ba. Wa ke da wane buhu, wa ke tsinka, in akuyar wata ta ci ya za a yi. Mai gidan haya a sanar da shi, a kuma janye buhu daga jikin katangar ƙasa don kada laima ta ci ta. Ƙaramar magana ce, amma kwaɗon zogale kwano ɗaya yana iya haɗa faɗan shekara.

In ganye ya yi yawa, musamman da damina, a shanya shi a inuwa, a kan tabarma mai tsabta, inda iska ke ratsawa. Rana tana kashe launinsa da wani kashi na amfaninsa. Busasshen zogale da yakuwa da kuɓewa, a rufe su a gwangwani, su ne miyan watan Afrilu. Abin da ya ragu a sayar a ƙofar gida, a yi dambu ko kwaɗo, kuɗin su tafi akwati.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Korona ta lafa, amma rufe hanya bai ƙare ba. A ƙarshen watan Yuli na 2023 ƙungiyar CEDEAO ta rufe iyakoki da Nijar, sai Fabrairun 2024 ta ɗage takunkumin. Ambaliya ma tana yanke hanya, kamar yadda kogi ya yi a Yamai a daminar 2020. Rashin lafiyar maigida ko takaba, kowane kulle ne a gidan da ya faɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abu huɗu da za ku iya kawowa a haɗuwa mai zuwa.

Asusun iri. Kowace mace ta bar gindi ɗaya ko biyu mafi kyau su tsufa, ta busar da irin, ta kawo. A zuba a kwalba da ɗan toka, a rubuta suna da wata, a ajiye wurin mai akwati. Wadda ta ɗauki cokali ɗaya ta mayar da biyu. Irin fakiti mai alamar F1 yana kyau a shukar farko, amma ƴaƴansa ba su fitowa kamar uwar, don haka ba shi ake ajiyewa ba.

Reno a gida ɗaya. Mai rijiya ko pampo ta rena tsiron zogale da tonka da tumatir, sauran su zo su ɗiba su dasa. A rage mata wani abu a kuɗin ruwa daga asusun taimako, in an yarda.

Rabon kaya. Ba sai kowa ta shuka komai ba. Wannan kuɓewa, waccan alayyafu, wata lawashi, a riƙa musaya ta kan katanga. Wannan ciniki ba ya buƙatar mota ko iyaka.

Dokar ranar wuya. Ku zauna yanzu da hankali ke kwance ku rubuta: in an hana taro, wa ke karɓar zubi, ina masu makulli za su haɗu, har mako nawa ake ɗaga wa mai bashi ƙafa ba tara, kuma nawa ne mafi ƙarancin zubi. Abin da aka yarda da shi cikin sauƙi ba ya zama rigima cikin tsanani.

Wadda ke son ƙarin bayani ta nemi malamin gona na karamar hukumarku, ko ta tambayi matan da ke aikin garka a Mirya, Jiratawa ko Tabalak in tana da dangi can. Sun daɗe a kan abin, kuma ba su rowar sani.

Ki fara da buhu biyu a wannan mako, ɗaya alayyafu, ɗaya yakuwa, da gindin zogale a bayan ɗaki. Bayan wata guda ki zo haɗuwa da abin da kika tsinka, a gani, a tambaye ki yadda kika yi. Allah ya tsare mu da sake ganin irin waccan shekara, ya sa albarka a hannuwanmu da akwatinmu. Amin.